Ajin Dare a Ƙasar Baƙunci: Sharhi Kan Karatun Manya a Amurka



Duk sanda aka tada hirar 'yan'uwanmu da suka tafi neman abinci Amurka, abin da ke cika bakin mutane bai wuce dala nawa wane ya aiko ba, da benen da wane ya ɗora a unguwarsu, da kujerar Makka da wance ta biya wa mahaifiyarta. Alhamdu lillahi, arziki ne, kuma gumi ne ya kawo shi. To amma yau ina so mu leƙa wani ɗaki da ba a cika ɗaukar hotonsa a turo gida ba, wato ajin da manya ke zama bayan an tashi daga aiki, suna koyon Turanci, wasu ma suna koyon riƙe biro, suna shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa. A ganina a wannan ɗaki ake rabewa tsakanin wanda zai tsaya da ƙafafunsa a ƙasar da wanda zai ƙare kwanansa a raɓe. Kuma mu da ke gida muna da hannu a lamarin fiye da yadda muke zato.

Mu fara da abin da hukuma ke nema. Wanda ya riƙe takardar izinin zama ta dindindin, koren katin nan da 'yan ci-rani ke kira girin kat, har tsawon shekara 5, ko shekara 3 idan aurensa da ɗan ƙasa ne, ya isa ya nemi zama Ba'amurke. Zai cike fom mai suna N-400, wanda tun watan Afrilun 2024 aka sa kuɗinsa dala 760, ko 710 ga wanda ya tura ta intanet. Sai a sa masa rana. Ranar zai shiga ofis daga shi sai jami'in shige da fice, ya yi rantsuwa zai faɗi gaskiya, jami'in ya ɗauko fom ɗin nan ya riƙa bin sa layi-layi da Turanci: ina ka zauna, ina ka yi aiki, sau nawa ka fita ƙasar, 'ya'yanka nawa, an taɓa kama ka, kana biyan haraji? Wannan hirar ita ce gwajin magana, kuma mutum bai san ma an fara ba. Daga nan a nuna masa jimla ya karanta, yana da dama sau 3, ɗaya ake so ya karanta daidai. A yi masa shibta, nan ma ɗaya cikin 3. Sannan a shiga tarihi da tsarin mulki: wa ya fara shugabancin ƙasar, sanatoci nawa ne, me ya sa tuta ke da taurari 50, wane ne gwamnan jiharka. Tun daga 2008 tambayoyi 100 ake bai wa mutum ya yi nazari, a yi masa 10, ya ci 6 ya haye. Amma ga waɗanda suka miƙa takardunsu daga 20 ga Oktoban 2025, tambayoyin sun koma 128, ana yin har 20, sai an ci 12. Wanda ya faɗi ana sake kiransa bayan kwana 60 zuwa 90. Ya sake faɗuwa, kuɗinsa sun tafi, sai ya sake sabon lale.

Ɗan boko da ya ji wannan zai ce ai ba komai ba ne, ɗan firamare ma ya ci. Alƙaluman hukumar ma suna goyon bayansa, domin a tsohuwar jarrabawar kusan 9 cikin kowane 10 ne suka riƙa hayewa tun a zaman farko, kuma a shekarar kasafi ta 2024 sama da mutum 800,000 ne suka yi rantsuwar zama 'yan ƙasa. Sai dai wannan lissafin na waɗanda suka je ne. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta ƙiyasta cewa akwai kimanin mutum miliyan 9 da suka cika sharuɗɗan shekaru, amma ba su nema ba. Wasu kuɗi ne ya hana su, wasu ba sa so, amma da yawansu tsoron wancan ɗakin ne, da wancan biron. A cikinsu akwai namu: direban tasi a Bronx ta birnin Niyok da ya taso a zangon Kumasi ko Nima, mai kitso a Harlem, ma'aikacin rumbun kaya a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suka yi sansani mai yawa.

Mutumin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne wanda ya fito daga makarantar allo. Ya sauke Alƙur'ani, watakila ma ya haddace. Yana rubuta wasiƙa da ajami, yana riƙe lissafin bashi da shi. Ya yi fatauci daga Maraɗi zuwa Kwatano, daga Kano zuwa Ikko, yana jin harshe uku ko huɗu, kuma idan ana batun lissafin canjin kuɗi a ka, ba mai na'urar da zai riga shi. Wannan bawan Allah ya je rajistar ajin Turanci, aka tambaye shi shekara nawa ya yi a makaranta. Shi da kansa zai ce bai yi ba, domin tun a gida aka saba masa cewa makaranta ita ce ta boko. Sai a rubuta sifiri. Daga nan ɗayan biyu: ko a haɗa shi da lauya daga Kwalambiya da injiniya daga Yukren, waɗanda harshen kawai suke nema, baƙaƙen kuwa sun saba da su tun a makaranta, su wuce su bar shi a mako na biyu, ko a haɗa shi da wanda bai taɓa ganin harafi a kan takarda ba, a fara koya masa abin da ya sani tun yana ɗan shekara 6, wato cewa zane a takarda yana ɗauke da sauti. Ko wanne aka yi, ba a daɗewa sai ka ga kujerarsa ba kowa. Malama ta ɗauka aiki ne ya yi masa yawa. Shi kuwa ya koma gida da tabbacin cewa kansa ba ya ja.

Kansa kuwa yana ja. Wanda ya zauna gaban malam ya wanke allo ya sake rubutawa shekara da shekaru ya san haƙurin karatu, ya san bita, ya san hadda. Abin da ya rage masa shi ne hannunsa ya juya daga dama zuwa hagu ya koma hagu zuwa dama, ya san baƙaƙe 26, ya kuma daure wa rigimar rubutun Turanci, inda harafi guda ke da sauti kala-kala. Farfesa Fallou Ngom na Jami'ar Boston, ɗan asalin Senegal, ya sha ba da labarin yadda bayan rasuwar mahaifinsa ya tarar da rubutunsa na ajamin Wolof, alhali ana lissafa mahaifin cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Daga nan ya duƙufa tattara rubuce-rubucen ajami na Afirka ta Yamma, har da na Hausa. Jamusawa sun gane wannan bambanci a aikace. A kwasa-kwasan da suke yi wa baƙi tun 2005, aji na yau da kullum awa 600 ne na harshe da awa 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasa, sannan suka ware aji dabam ga wanda bai iya karatu ba sam, suka kuma sake ware wani ga wanda ya iya karatu da wasu baƙaƙe, kamar na Larabci, yana buƙatar koyon na boko kawai. A Amurka wannan ya danganta ga sa'ar mutum da irin cibiyar da ya faɗa. Saboda haka shawarata ga duk almajirin da zai je rajista, ya faɗa da bakinsa cewa ya iya karatu da rubutu da baƙaƙen Larabci, ya faɗi shekarun da ya yi a allo. Ilimi ne, kuma malamin kirki zai ɗora a kansa.

Ita Amurka ta daɗe tana wannan gwagwarmaya da baƙinta. Dokar 1906 ce ta fara sharɗanta jin Turanci ga mai neman zama ɗan ƙasa, a zamanin da jiragen ruwa ke sauke Italiyawa da Yahudawan Rasha da mutanen Foland a tsibirin Ellis. A 1950 aka ƙara karatu da rubutu, dokar 1952 ta tabbatar da su. Masu koyarwa kuma sun zo da fuska biyu. Akwai irin su Jane Addams, wadda ta buɗe gidan Hull House a unguwar talakawan Shikago a 1889, ta zauna cikin baƙin, ta buɗe musu ajin dare da wurin renon yara, har ta ware wuri inda tsofaffinsu ke nuna sana'o'in ƙasashensu, irin su kaɗi da saƙa, don kada 'ya'yansu su raina su. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Akwai kuma irin ta Henry Ford, mai kamfanin motoci, wanda ya buɗe wa leburorinsa makarantar Turanci a 1914. Ranar yaye ɗalibai sai a girka wata ƙatuwar tukunya a kan dandamali, ɗalibai su shiga da tufafin ƙasashensu, malamai suna juyawa da manyan ludaya, su fito ta ɗaya gefen sanye da kwat, kowa da tutar Amurka a hannu. Saƙon a fili yake: ka narke, ka manta inda ka fito.

Na kawo wannan tarihi ne saboda tukunyar Ford ita ce abin da dattawanmu ke tsoro, ko da ba su taɓa jin labarinta ba. Mutum yana ganin idan ya saki baki da Turanci, ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa ga tutar wata ƙasa, to ya saki wani abu na addininsa da asalinsa. Ba zan raina wannan tsoro ba, domin yana da tushe. Amma mu duba gaskiyar lamari. Ba wanda zai tambaye ka addininka a wancan ofishin, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da za ka karanta a ajin shi ne cewa gyara na farko a tsarin mulkin ƙasar ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ƙwace wa wanda aka haifa ɗan ƙasa 'yancinsa don ya karɓi na wata ƙasa ba, Ghana ma ta amince da riƙe biyu. Narkewar da ya kamata a ji tsoro a cikin gida take faruwa. Yaro ya shiga makarantar gwamnati yana ɗan shekara 5, cikin shekara biyu Turancinsa ya fi na kowa a gidan, Hausarsa ta fara tsinkewa. Takardar makaranta ta zo, uba bai iya karantawa ba, yaron ne zai gaya masa abin da ke ciki, kuma abin da ya ga dama zai faɗa. An kira taron iyaye da malamai, uba ya zauna yana gyaɗa kai. Yaro yana kallo. Uban da bai jin harshen da ɗansa ke tunani da shi, bai san abokansa ba, bai san me yake kallo a waya ba, da me zai yi masa tarbiyya? Na yi imani iyayen da suka koyi Turanci sun fi samun ikon riƙe 'ya'yansu a kan Hausa da salla, saboda yaran ba su da wata duniya da za su ɓuya a ciki wadda iyayen ba su iya shiga.

Wannan ya kawo mu kan mata, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ciwon ya fi zurfi. Namiji, ko bai shiga aji ba, titi zai koya masa wani abu. Yana ɗaukar fasinja, yana jayayya da ɗan sanda a kan tikiti, yana tsintar kalma nan da can. Matar da aka ɗaura wa aure a Zinder ko Tamale aka kai ta wani bene a Bronx, tana iya shekara 10 ba ta yi hira da kowa ba sai mijinta da 'ya'yanta da matan da take haɗuwa da su a suna da biki. Ranar da ciwo ya kama ta, asibiti kan nemi tafinta ta waya, amma mai jin Hausa ba kullum ake dacewa da shi ba. Sai a juya ga 'yarta ko ɗanta mai shekara 10. Jama'a, ku auna wannan da kunya irin ta Bahaushiya. Uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta kamawa, yau ita ce za ta bayyana wa likita ciwon mata ta bakin wannan ɗan. Me za ta yi? Za ta ce kanta ke ciwo. Likita ya ba ta maganin ciwon kai, ta koma gida da cutarta. Idan kuma aka wayi gari miji ya rasu, ko aure ya mutu, ko hukuma ta tsare shi, ga mace da 'ya'ya huɗu, ba ta san sunan mai gidan hayar ba, ba ta san inda takardunta suke ba, ba ta iya kiran lambar agaji ta 911 ta faɗi adireshinta ba.

Ina kira ga magidanta da babbar murya: barin mace ba harshe a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba, zalunci ne, ko da an yi shi da sunan kishi ko kariya. Mai gida, ba kullum kake nan ba. Akwai azuzuwan safe, lokacin da yara ke makaranta. Akwai na mata zalla a wasu cibiyoyi. Akwai na waya da kwamfuta, tun bayan annobar korona. Babban abin da ke tare mata shi ne goyo, kuma a nan Kanada ta fi maƙwabciyarta tunani, domin shirinta na koyar da baƙi harshe kyauta, wanda ta fara a 1992, a cibiyoyi da yawa yana haɗe da wurin ajiye yara. Inda hukuma ba ta yi ba, mata su yi wa kansu. Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da kobo ya ɓace ba, za su iya karɓa-karɓar reno: yau ke ce da yara mu tafi aji, jibi ni ce.

Yanzu mu juya ga ita gwamnatin Amurka, domin ita ma da nata laifin. A ranar 1 ga Maris ɗin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya mai da Turanci harshen hukuma na ƙasar. Ba a jima ba, cikin wannan shekarar, daftarin kasafin kuɗin da gwamnatinsa ta aika wa majalisa ya nemi a soke tallafin da tarayya ke bai wa ilimin manya gaba ɗaya. Tallafin nan yana tafiya ne a ƙarƙashin dokar horar da ma'aikata ta 2014, wadda asalinta ke komawa ga dokar ilimin manya ta 1966, kuma bai wuce dala miliyan 700 da 'yan kai a shekara ba. A ƙasar da hukumar ƙidaya ta ce sama da mutum miliyan 25 ba su ƙware a Turanci ba, waɗanda ke samun gurbi a azuzuwan da wannan kuɗi ke ɗauka ba su fi miliyan 1 da ɗoriya ba, kuma a ciki har da haifaffun ƙasar da ke neman takardar sakandare. Hukuncin kasafi na hannun majalisa, amma niyyar ta fito. Kowace ƙasa tana da haƙƙin ta ce wa baƙo ya koyi harshenta, ban ga aibu a nan ba. Aibun shi ne ka tsananta jarrabawa da hannun dama, ka nemi rufe makaranta da na hagu. Baƙin da ake zargi da ƙin koyon Turanci su ne ke cika jerin masu jiran gurbi wata da watanni. Ostareliya, wadda ke da irin wannan shiri tun 1948, ta daɗe tana ba baƙo awa 510 kyauta, da ta ga ba su isa ba sai ta cire iyakar a 2021. Wannan ita ce hanyar mai son baƙonsa ya iya da gaske.

Abin da ke riƙe da lamarin a Amurka shi ne ɗakunan karatu na jama'a, da ƙananan kwalejoji, da coci-coci, da 'yan sa-kai, galibi tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya. Laburaren Niyok yana koyar da Turanci kyauta a rassansa na Bronx da Manhattan. Na Queens yana da shiri na musamman don sababbin baƙi tun 1977. Jami'ar birnin Niyok tana da lauyoyi masu taimaka wa mutane cike takardun zama ɗan ƙasa ba tare da karɓar ko sisi ba. Waɗannan mutane sun cancanci godiya. To amma na san da yawa daga cikin namu idan suka ji ajin a ƙasan coci yake, sai ƙafa ta yi nauyi. Maimakon mu tsaya gardamar halacci, me ya hana masallatanmu su buɗe nasu? Masallatan 'yan Afirka ta Yamma a Bronx ba su ƙirguwa da yatsun hannu, kuma tsakanin azahar da la'asar, ko bayan isha'i, akwai sarari. Ƙungiyoyinmu na can suna tara kuɗi idan an yi rasuwa, su yi wa gawa sutura, wani lokaci har su aika da ita gida, Allah ya saka musu. Ƙungiyar da ta iya wannan ta iya biyan malami guda na kwana biyu a mako. Ga kuma 'ya'yanmu da suka gama jami'a a can, masu jin Hausa da Turanci, wasunsu sun yi allo a Islamiyyar ƙarshen mako. Ba wanda ya fi su dacewa ya zaunar da dattijo ya nuna masa cewa wannan harafin shi ne ba, wancan shi ne sin. Kuma idan liman ya fara zama a sahun gaba da littafinsa, kunya ta ƙare wa kowa. Gemu ba ya hana ilimi, mu muka faɗa, saura mu aikata.

Dattawa suna da sassauci a doka, ya kamata a sani. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya yi 20 da katinsa, ko ya kai 55 ya yi 15, an ɗauke masa gwajin Turanci, zai amsa tambayoyin tarihi da harshensa, ya zo da tafintansa. Wanda ya kai 65 ya yi shekara 20, tambayoyi 20 kacal zai yi nazari. Mai larurar da ke hana koyo akwai fom da likita ke cikewa. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman a rage masa kuɗin fom ko a yafe. Amma saurayi ɗan shekara 30 ya ce zai jira sassaucin tsufa, wannan asara ce. Cikin shekarun jiran ba ya zaɓe, ba ya iya ɗauko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa, idan ya daɗe a gida ana iya cewa ya yi watsi da katinsa, kuma wani laifin da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, shi yana iya jawo masa kora. Ga 'ya'yansa da ba su kai 18 ba, masu kati kuma suna hannunsa, waɗanda da ya yi rantsuwa su ma sun zama 'yan ƙasa kai tsaye.

Rashin karatu yana da wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Baƙo ko da ido makaho ne, balle an miƙo masa takarda an ce sa hannu a nan. Mutane sun shiga uku saboda sun je karɓar lasisin tuƙi, aka haɗa musu da takardar rajistar zaɓe, suka sa hannu ba su san sun yi iƙirarin zama 'yan ƙasa ba, kuma wannan a dokar shige da fice babban laifi ne. Wasu sun kai takardunsu wurin masu cike fom na unguwa, wani lokaci ɗan'uwa ne mai jin yarensu, ya karɓi kuɗi ya rubuta abin da ba haka ba. Ranar hira jami'i ya tambaya, baki ya saɓa da takarda. Doka ta ce lauya ne kawai, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, ke da ikon ba da shawara a kan shige da fice. Ƙaryar da aka rubuta da sunanka, ko shekara nawa aka yi, ana iya tono ta a ƙwace takardar da aka ba ka.

Mu Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi gangamin Yaƙi da Jahilci, su Malam Ahmadu Coomassie suna gaba, ana buga ƙananan littattafai a Zariya, magidanta suna zama a ƙofar fada da yamma suna koyon a, ba, ca. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano. Azuzuwan nan suna nan har gobe a garuruwanmu, ko da sun yi rauni. Duk mai niyyar fita, ko matar da ke jiran mijinta ya aiko mata da biza, watannin jiran nan su ne lokacin shiga. Wanda ya sauka a filin jirgi ya riga ya san baƙaƙen boko, ko da Hausa kawai yake karantawa da su, ya rage wa kansa rabin wahala.

Sai mu da ke gida, waɗanda na ce muna da hannu. Ɗan ci-rani da awa ake biyansa. Duk awar da ya zauna a aji, awa ce da bai tuƙa mota ba, bai yi gadi ba, bai kai saƙo ba. Ga haya, ga inshora, ga waya tana ƙara daga gida: kuɗin makaranta, kuɗin taki, ragon suna, gudummawar bikin 'yar ƙanwar maƙwabci. Shi kuma ba ya so a ce ya je Turai ya manta da mutane, sai ya karɓi aiki na biyu, ajin ya bari sai baɗi. Baɗin nan ce ke zama shekara 15, yana nan a aikin da ya fara da shi, a albashin da ya fara da shi, domin lasisin sana'a, da kwas ɗin jinya, da shugabancin ma'aikata, duk sai da Turanci da rubutu. Haƙƙin iyaye da na iyali wajibi ne, ba shi nake nufi ba. Ina nufin buƙatun da za su iya jira.

Don haka Baba, Inna, Yaya, idan ɗanku ko 'yarku ko ƙaninku ya kira a wannan makon, bayan an gaisa, ku tambaye shi ko ya shiga aji. Ku tambaye shi matarsa fa, tana zuwa? Idan ya ce ba lokaci, ku ce masa kun yafe wani abu daga abin da yake aikowa na wata shida, ya je ya yi rajista a laburaren unguwarsu, kyauta ne. Ku kuma da ke saurarenmu daga can ta waya, ku tashi gobe ku rubuta sunanku, ko da jerin masu jira ne, ku tafi da wani.